Wata uku kafin wa'adi: ranar da ƴan kasuwa da ma'aikata suke mancewa

Ɗan kasuwar Maraɗi ko na Damagaram ba ya mance bashi. Ko shekara nawa ta shige, yana riƙe da sunan wanda ya ɗauki kaya bai biya ba, da yawan buhunan, da jikkunan da suka rage, har da ranar kasuwar da aka yi cinikin. Amma in aka tambaye shi ranar da hayar mangazarsa za ta ƙare, sau da yawa sai ya yi jim, ya ce takardar tana gida cikin akwati, ko kuwa tana hannun yaronsa. A ofisoshin gwamnati ma labarin bai sake ba. Kwantaragin masu gadi, da na gyaran motoci, da na hayar ginin da ma'aikatar take ciki, kowane yana kwance cikin dosiyensa, ba mai waiwayarsa sai ranar da rigima ta tashi.

Waɗanda suka riƙe ranar ƙarewar ma ba su tsira ba, domin a yawancin kwantaragi akwai wata rana ta biyu wadda ta fi ta muhimmanci, kuma ba a cika rubuta ta ɓaro-ɓaro cikin takarda ba. Ita ce rana ta ƙarshe da mutum ke da damar ya motsa, ya nemi a sabunta ko ya sanar da cewa zai janye. Tana faɗowa wata biyu, ko uku, ko shida kafin wa'adi, a lokacin da komi ke tafiya lami lafiya, ba abin da ke tunasar da kowa. Wanda ya bari ta wuce, ko da wa'adin bai cika ba, bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Abin da dokar haya ta tanada

Nijar tana cikin ƙasashen da suka sa hannu kan yarjejeniyar OHADA, wadda aka ƙulla ran 17 ga Oktoba 1993 a birnin Port-Louis na tsibirin Moris domin daidaita dokokin kasuwanci a Afirka. Dokar da ta shafi kasuwanci gaba ɗaya an amince da ita a 1997, aka sake fasalinta ran 15 ga Disamba 2010 a Lome, kuma ita ce ke hukunta hayar shaguna da mangazu da sauran wuraren sana'a. Doka ce da ta tausaya wa ɗan haya ƙwarai. Aya ta 123 ta ce wanda ya yi aƙalla shekara 2 yana gudanar da sana'arsa a wuri, bisa sharuɗɗan da aka yi, ya sami haƙƙin a sabunta masa haya, kuma ba wani sharaɗi cikin kwantaragi da zai iya soke wannan haƙƙi. In an sabunta, sabuwar hayar ba ta kasa shekara 3. In kuwa mai gida ya ƙi, to a bisa ƙa'ida sai ya biya ɗan hayar diyyar tayar da shi, sai fa a wasu halaye da dokar ta keɓe, kamar in ɗan hayar ya saɓa wani babban sharaɗi.

Sai dai aya ta 124 ta ɗaura wa wannan gata igiya. Idan hayar mai wa'adi ce, wajibi ne ɗan haya ya nemi sabuntawa wata 3 kafin wa'adin ya cika, in ya makara haƙƙinsa ya faɗi. Shi kuma mai gida, in bai ba da amsa ba har ya rage wata 1, doka tana ɗauka ya yarda.

A ɗauki misalin mai shagon yadi wanda hayarsa ta shekara 3 za ta ƙare ran 31 ga Disamba. Bai taɓa jinkirta kuɗin haya ba, ya gyara wurin da aljihunsa, masu saye daga ƙauyuka sun san ƙofarsa. A ganinsa, in Disamba ta kama zai je ya gai da mai gida, su yi magana irin ta manya. Alhali kuwa ranar da ta dame shi ita ce 30 ga Satumba. Daga wayewar garin 1 ga Oktoba ba shi da sauran haƙƙin da zai kai gaban alƙali. Mai gida yana iya neman ya tashi in wa'adi ya cika, ya ba wanda ya fi shi tayi, ba tare da ya biya ko dala ɗaya ta diyya ba. Galibin masu gida ba su yin haka, saboda zumunci da kunya. To amma masu gida suna rasuwa, magada su raba gado, ko a sayar da ginin ga wanda bai san ɗan hayar ba, kuma a irin wannan rana takarda kaɗai ke magana.

Neman sabuntawar ma yana da hanyarsa. A dokar 1997 sai ta hannun ma'aikacin shari'a mai isar da takardu, wanda ake kira huissier. Gyaran 2010 ya sassauta, ya karɓi duk wata hanya da za ta tabbatar da cewa saƙon ya isa hannun mai shi. Wasiƙar da mai gida ya sa hannu a kan kwafinta, da kwanan wata, hujja ce. Maganar da aka yi a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a ba ta barin sawu.

Ƴan kasuwa da dama ba su da takardar haya sam, amana ce tsakaninsu da mai gida. Doka ba ta watsar da su ba: hayar da ba a rubuta ba, ko wadda ba a yanka mata wa'adi ba, ana ɗaukarta mara wa'adi, kuma duk wanda ke son ya kawo ƙarshenta sai ya ba da sanarwar aƙalla wata 6. Ɗan hayar da aka ba irin wannan sanarwa, in yana da ja, dole ya bayyana shi kafin ranar da sanarwar za ta fara aiki. Wannan doka ta shafi gine-ginen masu zaman kansu ne musamman. Rumfar da aka karɓa daga hannun ma'aikatar magajin gari tana iya kasancewa da nata tsari, sai a karanta takardarta da kyau.

Shiru iri biyu

Hayar shago kwantaragi ne da shiru ke kashewa. Akwai kuma waɗanda shiru ke rayawa, su ne masu sharaɗin da Faransawa ke kira tacite reconduction, wato in ba wanda ya ce uffan kafin wata rana, kwantaragin ya sabunta kansa da kansa. Inshora ita ce fitaccen misali. Dokar CIMA, wadda Nijar da sauran ƙasashen yankin suke aiki da ita tun 1995, ta ba mai inshora damar janyewa bayan shekara, amma da sharaɗin ya aika wasiƙa wata 2 kafin ranar cikar wa'adi. Wanda ya sami kamfanin da ya fi sauƙi a makon ƙarshe ya makara.

A ɗaya gefen kuma, tun gyaran da aka yi wa aya ta 13 a 2011, an hana inshora bashi: in ba a biya kuɗin ba, kariya ba ta fara aiki, ban da ƴan halaye da aka keɓe ga manyan kuɗaɗe da hukumomin gwamnati. Mai babbar mota da ke jigila tsakanin Yamai da Tawa, wanda takardarsa ta ƙare ran Talata, ya ce zai biya in motar ta dawo ran Alhamis, ya sani cewa in hatsari ya auku ran Laraba shi kaɗai zai ɗauki nauyin.

Su ma masu ɗaukar ma'aikata abin ya shafe su. Dokar ƙwadago ta 25 ga Satumba 2012 ta iyakance kwantaragi mai wa'adi ga shekara 2, ana sabunta shi sau ɗaya. Ma'aikacin da aka bari ya ci gaba da aiki bayan haka yana da hujjar neman a ɗauke shi na dindindin. A ofisoshin gwamnati kuwa, abin da ya fi ciwo shi ne takardar lamunin banki da ɗan kwangila ke ajiyewa. Tana da wa'adinta ita ma. In ta ƙare aiki bai kammala ba, kuma ba wanda ya nemi a tsawaita ta, to ranar da ɗan kwangilar ya gudu ya bar gini a rabi, abin da ke cikin dosiye takarda ce da ba ta sayen komi, asarar kuma ta baitulmali ce.

Jadawalin kwamfuta

Mai kwantaragi biyu ko uku yana iya riƙe su da ka. Mai goma sha biyar, kowane da tsawon sanarwarsa, ba zai iya ba. A nan ne jadawalin lissafi na kwamfuta, wanda ma'aikata suka fi sani da sunan tableur, yake da amfani. Ba sabon abu ba ne: na farko da ya yi suna, VisiCalc, ya fito a 1979, Lotus 1-2-3 ya biyo baya a 1983, Excel kuma a 1985. A yau akwai LibreOffice Calc wanda ba a sayensa, kuma yana yin wannan aiki daidai da Excel.

Dalilin da ya sa jadawali ya iya kwanan wata shi ne, a wurinsa kowace rana lamba ce. Excel yana fara ƙirga daga 1 ga Janairu 1900, wadda ita ce lamba 1. Ran 1 ga Janairu 2025 ita ce 45658. Saboda haka yana iya ɗebe wata rana daga wata, kamar yadda ake ɗebe kuɗin sari daga kuɗin sayarwa.

Tsarin ba shi da wuya. Kowane kwantaragi yana samun layi guda a kwance. A jere kuma, daga hagu zuwa dama, ana rubuta sunan kwantaragin da na wanda aka ƙulla da shi, da ranar farawa, da ranar ƙarewa, da yawan watannin sanarwa. Gurbin da ke biye shi ne zuciyar aikin, wato ranar ƙarshe ta motsawa, kuma ba a rubuta ta da hannu, na'ura ake bari ta fitar. In ranar ƙarewa tana gurbin D2, sanarwa kuma ta wata 3 ce, sai a rubuta =MOIS.DECALER(D2;-3). A na'urar da ke aiki da Ingilishi sunan umurnin EDATE. Daga nan sai gurbin kwanakin da suka rage: in ranar motsawar tana F2, a rubuta =F2-AUJOURDHUI(), kuma duk sa'ad da aka buɗe jadawalin lambar za ta sake da kanta. Ana iya umurtar na'ura ta shafa wa layi rawaya in kwanakin sun kasa 60, ja in sun kasa 30. Ana samun wannan ƙarƙashin Mise en forme conditionnelle.

Akwai gurabe uku da ba su buƙatar lissafi, amma jadawalin da ba shi da su rabin jadawali ne. Na farko yana amsa tambaya ɗaya: in aka yi shiru, me zai faru, kwantaragin zai mutu ne ko zai sabunta kansa? Na biyu yana ɗauke da sunan mutum guda da alhakin ya rataya a wuyansa, domin abin da aka ce na ofis ne gaba ɗaya ba na kowa ba ne. Na uku yana nuna inda takardar asali take, akwati ko kabad, da lambar dosiye.

Kuskuren da aka fi yi shi ne jera layukan bisa ranar ƙarewa. Yin haka yana ɓoye haɗari. Kwantaragin da zai ƙare a Yuni mai sanarwar wata 6 ya fi gaggawa bisa wanda zai ƙare a Maris mai sanarwar wata 1, don na farkon ranarsa tana cikin Disamba, na biyun kuwa sai Fabrairu. Bisa ranar motsawa ake jerawa. Kuma ita kanta ranar motsawar iyaka ce, ba ranar fara shiri ba. Wasiƙa tana son a rubuta ta, a sa mata hannu, a kai ta, a sami wanda zai karɓa. Mai gida yana iya kasancewa a Makka ko a Kano, darakta yana iya kasancewa a rangadi, ranar kuma tana iya faɗawa Lahadi ko hutun Salla. Ba a fafe gora ranar tafiya. Masu hankali suna ƙara wani gurbi da ke ja da baya da wata guda, su ɗauke shi tamkar shi ne wa'adin gaskiya.

Inda na'ura ke yaudara

Wata 3 ba kwana 90 ba ne. Mai shagon yadin nan, da zai ɗebe 90 daga 31 ga Disamba, na'ura za ta ba shi 2 ga Oktoba, kwana biyu bayan haƙƙinsa ya faɗi, kuma za ta ba shi amsar cikin natsuwa, ba tare da wata alamar kuskure ba. In kwantaragi ya ce wata, da wata ake lissafi. In ya ce kwana, da kwana.

Sai kuma yadda ake rubuta kwanan watan. Wanda ya rubuta "ƙarshen Disamba" ko ya haɗa lambobi yadda na'ura ba ta gane ba, ya ba ta rubutu ne, ba rana ba, kuma ba za ta iya lissafi da shi ba. Alamar tana da sauƙi: in ba a taɓa tsarin gurbi ba, ranar da na'ura ta gane tana jingina dama, rubutu kuwa yana jingina hagu. Wanda ya fi wannan haɗari shi ne bambancin tsari tsakanin ƙasashe. A nan ana fara rubuta rana kafin wata, a Amurka kuwa wata ke gaba. Yawancin kwamfutocin da ke kasuwa na hannu ne, wasu kuma sun iso da tsarin Amurka a cikinsu. A irin wannan na'ura, wanda ya buga 03/04 yana nufin 3 ga Afrilu, ita ta karanta 4 ga Maris. In ya buga 04/10 yana nufin 4 ga Oktoba, ta ajiye 10 ga Afrilu. Maganin shi ne a sa gurbin ya riƙa nuna sunan wata da haruffa, don ido ya kama kuskuren nan take.

Shekara ma a rubuta ta da lambobi huɗu. LibreOffice, in ba a sake masa tsari ba, yana ɗaukar lambobi biyu tsakanin 1930 da 2029, haka kuma Excel a kan na'urori da yawa. Hayar da za ta ƙare a 2031, in aka buga mata 31 kawai, tana iya komawa 1931. A da wannan bai dami kowa ba, amma yanzu kwantaragin shekara 5 ko 10 duk sun tsallake wannan iyaka. Haka nan umurnin AUJOURDHUI ba shi da wata masaniya sai agogon na'urar da yake ciki. Tsohuwar kwamfuta da ɗan batirin agogonta ya mutu tana iya farkawa bayan ɗaukewar wuta tana zaton shekaru da yawa baya ake, duk layukan su yi fari fat, kamar ba abin da ke gabatowa.

Wata ƴar gardama kuma takan taso daga ƙirgen wata. Dattawa da yawa suna tuna cewa an sa hannu bayan Babbar Salla ko cikin azumi, alhali shekarar Musulunci tana gaza ta Bature da kamar kwana 11, wato fiye da wata guda cikin shekara 3. Wannan kuskure yana sa mutum ya riga lokaci ne, bai cika cutarwa ba, amma kotu da kwanan watan da ke cikin takarda take aiki, shi ya kamata ya shiga jadawali.

Wa zai buɗe shi?

Jadawali ba ya ƙara, ba ya kiran kowa a salula. Layi yana iya yin ja wata biyu cur cikin na'urar da ke rufe. Manyan kamfanoni ma sun faɗa wannan rami. A Disamba 1999, Microsoft, wato kamfanin da ya ƙirƙiro Excel da kansa, ya mance bai sabunta rajistar adireshinsa na intanet passport.com ba, har masu akwatin saƙo na Hotmail suka kasa shiga. Wani masanin kwamfuta da ba ma'aikacinsu ba ne ya lura, ya biya dalar Amurka 35 daga aljihunsa, al'amura suka daidaita.

Saboda haka wajibi ne a yanka ranar dubawa, misali kowace Litinin da safe, a kuma ɗora ta a kan mutum sananne. A farkon kowane wata a buga layukan da suka yi rawaya da ja a takarda, a ajiye a gaban mai sa hannu, tun da shi mai gidan ko daraktan sau da yawa ba shi ne ke taɓa na'ura ba. Ranakun da suka fi nauyi a ƙara sa su cikin kalandar salula, wadda ita tana da ƙararrawa. Sabon kwantaragi ya shiga jadawali ranar da aka sa masa hannu, tun ran gini ran zane. In an sabunta, kada a goge tsohon layi. A buɗe sabo a ƙarƙashinsa, domin ranar da za a zauna ciniki kan ƙarin kuɗin haya, tsohon layin ne zai nuna nawa ake biya a da, da lokacin da aka yi ƙari na ƙarshe.

A aikin gwamnati babbar ɓaraka tana wajen canjin wurin aiki. Ma'aikacin da ya shekara biyar yana riƙe da waɗannan ranaku a kansa ana iya tura shi Difa ko Agadas cikin mako guda. Wajen miƙa aiki ana ƙirga kujeru da motoci da makullai, a rubuta su dalla-dalla, amma ba safai ake miƙa jerin wa'adodin da ke tafe ba, magajinsa kuma sai ya gano su ɗaya bayan ɗaya, kowane bayan ya wuce. Ya dace jadawalin ya zama ɗaya daga cikin takardun da ake sa wa hannu a ranar, kuma ya zauna a na'urar ofis, ba cikin ta ma'aikacin ba.

Kwafi ma ba a barinsa wuri ɗaya da asali. Babbar Kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, Ƙaramar Kasuwa a 2012, kuma gobara ba ta tsallake akwatin takardu. Kwafin jadawali a ƙaramar ma'ajiyar USB da ke gida, da hoton kowane shafi na kwantaragi a salula, sun isa.

Wanda ba shi da kwamfuta kuwa, littafin makaranta mai shafi 32 zai yi masa aikin. Ya keɓe shafi biyu ga kowane wata, daga Janairu zuwa Disamba, ya rubuta kowane kwantaragi, da shekararsa, a shafin watan da ya kamata ya fara shiri. Hayar da za ta ƙare ran 31 ga Disamba wurinta shafin Agusta ne, da jan biro, tare da ranar 30 ga Satumba a gefenta.